Asalin Uwar Soro

"Ka faɗa mini gaskiya, Kalilu! Me baffanka ya ce?"

Kalilu bai ɗago ba. Yana tsaye gindin itacen bedin da ke bayan ofishin kwastan na kan iyakar Jibiya, yana murza bakin hular aikinsa. Can kan titi manyan motoci sun yi layi da siminti da buhunan gero, duk sun sa gaba Maraɗi. Shekarar ƙarin albashin Udoji ce, kowa na sayen babur, kowa na aure. Shi ma akwatunan lefensa na jere a ɗaki.

"Salma..."

"Ba sunana na tambaye ka ba."

"Ya ce a dakata."

"Saboda me?"

"Ya yi binciken asali. Ta wajen Sarki ba abin cewa. Ta wajen uwa kuwa... bai sami kowa ba. Ba kaka, ba kawu, ba ko sunan gari."

Salmatu ta yi wata dariya mara daɗi.

"Ƙarasa mana. Ai ba yau na fara ji ba. Sun ce Uwar Soro mayya ce, ni kuma na sha a nono!"

Salmatu malamar firamare ce a Jibiya, 'yar Sarkin Kwarin Ɗunya, wata ƙaramar masarauta da ke yamma da garin. Mahaifiyarta, Tsahara, ba 'yar ƙasar ba ce. Tun Sarki yana ɗan sarki ya gan ta a kasuwar Maraɗi tana tallar fura, ya dawo da ita. Ba gara, ba 'yan rakiya, daga ita sai ƙwarya ɗaya. A gaban idonta ana ce mata Uwar Soro. A bayan ido, 'Yar Faransa, don daga ƙasar Nijar ta fito.

Shekara ashirin da biyu ba ta taɓa komawa ba. Ba wanda ya taɓa zuwa ya ce shi nata ne.

Da fari da yunwa suka koro mutanen arewa daga Nijar, ita ta riƙa dafa musu tuwo a ƙofar baya. Baƙi su ci su gode. 'Yan gari kuwa in ta aiko, sai su karɓa da hannu biyu, su zaga su binne. In inuwarta ta gifta ta soro, mata su ja 'ya'yansu suna cewa ƙasa-ƙasa, "Kurwata kur..."

"Kai ne na uku," in ji Salmatu. "Biyu sun zo, sun yi bincike, sun sulale. Ka san abin da ya fi ciwo? Ita ɗin da ake ƙina saboda ita, ba ta taɓa rungumata ba. Ban san ɗumin jikinta ba, Kalilu!"

"Ni ba inda za ni, hasken idona. Ko garin nan zai taru a kaina."

"Haka na biyun ma ya ce."

Ta ja mayafinta ta tafi.

Lahadi ranar kasuwar Jibiya ce, kuma ranar tsohuwar nan.

Wata uku ke nan tana zuwa. Rana na take tsaka sai Kalilu ya gan ta tsaye bayan ƙarfen da ake ɗagawa motoci su wuce, ta ɓangaren Nijar. Baƙin zane, ƙafa ba takalmi, tsage uku-uku a gefen baki. Ba ta bara. Ba ta neman shigowa. Ƙudajen da suka addabi kowa ba sa sauka a jikinta.

Tambayarta ɗaya ce kullum.

"Ɗan samari... jikata ta sha nonon uwarta?"

"Iya, ban san jikarki ba."

Sai ta yi ta kallonsa har ya kau da kai.

"Mahaukaciya ce," in ji Yohanna, abokin aikinsa. "Fari ya cinye mata kowa. Amma ka lura? Ni dai ban taɓa ganin isowarta ba, ban taɓa ganin tafiyarta ba. Na tambayi 'yan duwan, kwastan ɗin can, sun ce ba ta gabansu take bi ba."

Ran Laraba bayan la'asar wata baƙar Fijo mai labule ta tsaya nesa da ofis. Dogari ya zo ya ce ana kiran Kalilu. Da ya isa, direba da dogarin suka ja can gefe. Ya tsuguna jikin ƙofar baya.

"Kai ne mai son ɗiyata?"

Muryar na fitowa ta bayan labule, a hankali, da harshen mutanen Maraɗi. Uwar Soro ce! Matar da ba ta taɓa leƙo waje ba!

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"Baffanka na son asali. To, ga asali. Garinmu na bayan tabkin Madarunfa. Ubana masunci ne, ruwa ya ci shi ina ƙarama. Innata na saƙar tabarma. Ran nan ɗan maƙwabta ya kwanta, yana zabura yana kiran sunanta. Aka ce ita ta kama mai kurwa. Aka jawo ta tsakar gari, aka sa ta tsallake yaron sau uku don ta sake shi. Ta tsallake. Kahin magariba ya mutu."

Wata babbar mota ta wuce, ƙasa ta girgiza.

"Suka ƙone muna ɗaki. Ita ta yi daji, ni na yi Maraɗi. Shekarata goma sha huɗu. An ce ta rasu shekarar da farin ga ya fara. An ce."

"Ranki ya daɗe... gaskiya ne abin da suka ɗora mata?"

"Ban sani ba."

Ya ɗago ya kalli labulen.

"Wallahi ban sani ba, yaro. Ni dai ban taɓa ganin kurwar kowa ba. Amma nononta na sha. In akwai abin, yana jikina. Da na haihu aka miƙo mani Salmatu tana neman mama, sai na ce, wagga ba zan gwada a kanta ba."

"Kina nufin..."

"Ko ɗigo ba ta sha ba! Na ɗaure ƙirjina da zane har ya yi ƙurji. Abin da ya taru in tatse in zubar bayan ɗaki. Wurin har yau ko ciyawa ba ta hitowa. Ina jin kukanta, ruwan na zubo mani, ina juya baya. Ban ɗauke ta ba don na san in ta ji ɗumina za ta nema, ni kuma zan ba ta. Da ta girma, hannun ya riga ya saba da nisa."

Kalilu ya ji wani sanyin daɗi ya ratsa shi, ya ji kamar ya miƙe ya yi ihu. Shi ke nan! Baffansa, Baba Lawwali, ba shi da sauran ta cewa!

"Me ya sa ba ki faɗa ba tuntuni?"

"In ce na hana ta nono, a ce don mi? Amsar ita ce abin da nake ɓoyo. Ko Sarki bai sani ba. Amma na gaji da ganin ɗiyata na tsuhwa a gida. Ku ci mutuncina ni, ku wanke ta. Akwai shaida. Kai ma'aikacin gwamnati ne, ka san hanyar neman mutum."

"Wace ce?"

"Wata baiwar Allah da ta binne jaririnta ɗan wata biyu, ruwa na zuba gare ta. Jakadiyata, Allah ya jiƙanta, ita ta kawo ta. Muka ce mai kitso ce, aka ba ta ɗaki kusa da nawa. Shekara biyu tana shayar da ita, babban ɗanta ma wurin kakarsa ta bar shi. Daga baya aka ɗauke mijinta zuwa Funtuwa. Fatsuma sunanta, matar Kofur Abdu ɗan doka. Tana da tabon ƙuna nan, wuyan hannun hagu..."

Hular ta suɓuce daga hannun Kalilu.

Ya san tabon. Yana ƙarami yakan bi shi da yatsa in tana yi wa mata kitso. Ya tuna shekarun da ya yi wurin kakarsa a Bugaje, ana ce masa Inna ta tafi aiki.

"Na ji ka yi shiru, yaro."

Zai iya cewa zai nema. Zai iya dawowa ya ce ba a same ta ba, ya ƙirƙiro wa baffansa wani suna. Akwatuna na ɗaki. Salmatu na jira.

"Ba sai an neme ta ba," ya ce. "Tana maƙabartar Funtuwa. Ita ta haife ni."

Labulen ya yaye.

Karo na farko ya ga fuskar Uwar Soro. Doguwa, ramammiya, tsage uku-uku a gefen baki. Ya san fuskar nan, duk Lahadi yana ganinta, sai dai waccan ta fi tsufa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un..." Ta dafe ƙirji. Can ta sunkuyo, ta yi ƙasa da murya. "Ba wanda ya ji. Daga ni sai kai."

"Akwai wanda ya ji, ranki ya daɗe."

"Salmatu za ta mutu, Kalilu!"

"In na yi shiru, ƙanwata na aura. Kuma 'ya'yanmu ma tuwonsu binne shi za a riƙa yi."

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci, ya faɗi komai a fada, gaban Sarki da liman. Baba Lawwali ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce ya tuna. Matar wansa ta yi shekara biyu a gidan nan, wai kitso, kuma duk sa'ad da ta leƙo gida gaban rigarta a jiƙe yake.

Liman ya ce yarinya ba ta da abin zargi. Ya ce kuma nono ɗaya suka sha, aure ya haramta har abada.

Washegari Salmatu ta same shi gindin bedin. Idanunta sun kumbura.

"Wa ya aike ka? Wa ya aike ka, Kalilu?"

"Yanzu ba mai sake gudunki, Salma."

"Ni na ce maka ina son wani? Da ka bar ni da sunan mayya! Da ka gudu irin na sauran, in tsane ka in huta!"

Ta jingina da bedin.

"Jiya Uwar Soro ta rungume ni," ta ce, hawaye na zuba. "Shekara ashirin da ɗaya... Ta riƙe ni ta ƙi saki, tana ta sansana kaina kamar jaririya. Ka ba ni uwa, ka ƙwace mini kai."

Ta share fuska da bakin mayafi.

"Yaya take, da tana raye? Innarmu?"

"Tana da yawan dariya. In ta yi, sai ta rufe baki da bayan hannu... kamar yadda kike yi."

Salmatu ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta rusuna har ƙasa, irin rusunawar da ba ta taɓa yi masa ba.

"Sai an jima, Yaya."

Ran Lahadi rana na take tsaka, ya ɗago, ga tsohuwar bayan ƙarfe. Wannan karon shi ya taka ya same ta.

"Ɗan samari... jikata ta sha nonon uwarta?"

"Ba ta sha ba, Iya. Na uwata ta sha."

Tsohuwar ta lumshe ido, ta sauke wani dogon numfashi.

"To, madalla."

Wani direba ya danna masa oda. Ya juya ya ɗaga ƙarfen, motar siminti ta wuce. Da ya waiwayo, filin fayau, ba kowa har iyakar ganinsa. Ya duba rairayin inda ta tsaya, bai ga sawu ba sai nasa.

Ba ta sake zuwa ba.

Da kaka aka ɗaura auren Salmatu da wani malamin makaranta. Kalilu ne ya yi wa ƙanwarsa kayan ɗaki. A ciki har da akwatunan nan, ko buɗe su bai yi ba.