Gadar Bahar Maliya

"Buɗe buhun nan, Arzika!"

Duk wanda ke shingen kwastan na Magama sai da ya juyo ya dube ni. Lahadi ce, kasuwar Jibiya na ci, manyan motoci sun yi layi. Ko a jikina. Ni Ma'u, idan raina ya ɓaci ba na ganin kowa.

"Ma'una... mi ya kawo ki nan?"

"Riƙe daɗin bakinka! Buɗe na ce!"

Lado ne ya kwance bakin buhun yana wani murmushi. Ma'aikacin kwastan ne, ya daɗe yana aike gidanmu ina mayar masa da kayansa. Shi ya tsegunta mini cewa duk Lahadi Arzika na tsallakawa Maraɗi wurin wata mace, Adama, buhu a kafaɗa.

Aka zazzage. Guntayen rodi ne, duk sun yi tsatsa. A ƙarƙashinsu kuwa ga ƙunshin goro, ga kwalin sukari.

"Rodin na gwaji ne," in ji Arzika. "Jiƙa su nike cikin ruwan gishiri, in ga yadda teku za ta ci ƙarfe. Akwai wani Baturen injiniya a Maraɗi da ya taɓa gina tashar jirgin ruwa, shi nike kai ma."

"Goron da sukarin fa? Su ma na Baturen ne?"

Na matso kusa da shi.

"Wa ce Adama?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ba ni iya faɗa maki, Ma'u."

Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi. Lado ya ce, "To kin dai ji da kunnenki."

Duk wannan masifa kuwa bakin Arzika ne ya jawo mana. Ya gama karatun injiniya a Zariya, ya zo Jibiya da wani kamfanin gina hanya, muka haɗu, muka so juna, har manyansa sun sa ranar zuwa neman aure. Lokacin kuɗin mai ya shigo, kowa kansa na hayaƙi. Rannan a zauren Babana, Alhaji Ummaru, ana hirar aikin hajji, sai gogan naku ya gyara zama.

"Ai Baba, yadda ƙasar nan ta samu, Bahar Maliya har wani abu ne? Ɗan ruwan nan? Gada za mu shimfiɗa masa, alhazai su hau mota daga Jibiya sai Makka!"

Aka yi dariya. Baba bai yi ba. Miƙewa ya yi.

"Ɗan ruwa ko? To wallahi tallahi ba ni ba ka ɗiyata sai ranar da gada ta hau ɗan ruwan nan!"

Kowa ya san korar mutum ce aka yi a fakaice. Ban da Arzika. Shi aiki ya ɗauka an ba shi. Ya tara taswirori, ya bar barci, ya rame. Da farko tausayi ya ba ni. Da Lado ya kawo zancen Adama kuwa sai na fara lissafi: anya gadar nan ba mayafi ba ce? Wane mai hankali ne zai yi ta auna teku daga Jibiya?

Lahadin da ta zagayo na liƙe wa Gwaggo Fatsima, ƙanwar Baba wadda ta raine ni, da ma tana zuwa Maraɗi sarin atamfa. Muka wuce kwastan, muka wuce 'yan duwan, wato kwastan Nijar, idona na kan farar rigar Arzika a motar gaba. Har wani lungu muka bi shi, ya yi sallama a wani gida ya shiga.

Ban tsaya sallama ba, na faɗa.

Tsohuwa ce tukuf a kan tabarma, ido ya fara tafiya, tana ɓare goro da farce. Kunya ta kama ni, amma bakina ya riga ni.

"Ke ce Adama?"

"Ni ce, ɗiyata. Wa ke magana?"

Arzika ya miƙe zumbur. "Ma'u, don Allah ki fita! Don girman Allah..."

"Ba inda za ni! Mi kake ɓoyewa?"

"Ma'u?" Tsohuwar ta ɗago. "Ma'un Salmatu? Zo nan in taɓa ki. Yaron nan ya zo yana tambayar tsofaffin da suka tahi hajji ta ƙasa, wai alhazan yanzu ta sama suke wucewa, ba su san tekun ba. Ni na san ta. Ayarinmu guda da uwarki."

Gwaggo ta ce, "Hajiya, bar zancen nan..."

Tsohuwar ba ta ji ba.

"Daga Sawakin, tashar bakin tekun, muka hau jirgin katako, an cusa mu kamar buhunan gero. Iska ta juya, ruwan sha ya ƙare. A cinyata Salmatu ta cika. Muka yi mata sutura da zanena, aka sallace ta. Ummaru da hannunsa ya saka ta cikin ruwa."

"A'a!" na ce. "A Makka aka binne Innata! Baba ya ce kabarinta na Makka!"

Na dubi Gwaggo, ta rufe fuska da gyale.

Ban san lokacin da na zube ba. Tun ina yarinya nake tanadin ranar da zan je in tsaya a kan kabarin nan. Ashe babu shi.

Arzika ya durƙusa nesa kaɗan, idonsa jajir.

"Tun watan jiya na sani, Ma'una. Na gwammace ki zarge ni da mace da a ce daga bakina kika ji."

Washegari ya zo zauren Baba. Ni ina bayan ƙofa, kunne a bango. Har Lado ya zo ya zauna, wai gaisuwa.

"Baba, na bincika," in ji Arzika. "Inda alhazai ke tsallakawa faɗin ya wuce misali, zurfin kuma ba ginshiƙin da zai taɓa ƙasa. Can kudu akwai inda tekun ta tsuke, wataƙila jikoki su gwada. Amma gishiri na cin ƙarfe, igiyar ruwa na da ƙarfi. Ko an juye kuɗin man duka, ni dai ba ni ganin gadar nan a rayuwata. Ba ni yi maka ƙarya don in samu Ma'u."

Lado ya yi gyaran murya. "To ai magana ta ƙare, Alhaji. Rantsuwa ta hau."

"Saura guda," in ji Arzika. "Na kira wurin da Inna Salmatu take kwance ɗan ruwa. Ban sani ba. Ka yafe mani."

Can na ji muryar Baba, ba irin wadda na sani ba.

"Ma'u ta ji?"

Na turo ƙofar, hawaye shaɓe-shaɓe. "Na ji, Baba."

Ya daɗe yana kallona. Bai taɓa kuka a gabana ba sai ranar.

"Ban so ki riƙa ganin ruwa kina tuna ta ba," ya ce. Ya share fuska da hannun riga, ya ɗaga murya. "Fatsima! Ɗora babbar tukunya, a nemo mani miskinai goma. Kaffara zan yi."

Lado ya zabura. "Alhaji, rantsuwar fa?"

"Bakina ya yi ta, ni ke biya. Tashi ka ba surukina wuri."