Takalmin Da Chékaraou Ya Ƙi Cirewa

"Cire ta, Hamsatou! Cire ta ko in tuɓe miki ita da hannuna!"

Inna Mamou ce ke wannan ihu da sassafe, ta shaƙi wuyan rigar ɗiyarta kamar ta kama ɓarawon akuya.

"Inna, ki yi haƙuri... ba zan cire ba."

"Ni kike faɗa wa haka?!"

"Sanyi nake ji."

Sanyi kam akwai shi, wanda ya yi ɗari a Sabha ya sani. Amma mu da katanga ɗaya ta raba mu a unguwar Gurda, mun san ba sanyi ba ne.

Jaket ce ta fata irin ta matuƙan jirgin sama, wuyanta da gashin tumaki, aljihu har a hannu. Shekarun nan da arzikin mai ya ɓarke a Libiya, sojojin Turawa sun bar sansanoninsu na bakin teku, tsofaffin kayansu suka gangaro kasuwa tuli-tuli. Samarinmu 'yan Nijar masu aikin gini suka yi musu caa. Kowa jaket, kowa ranjas, wato takalmin soja mai dogon wuya da igiya kamar ta guga. Ɗan kwaɓa siminti sai ku rantse yanzu ya sauko daga jirgi!

Wannan jaket ɗin ta Chékaraou ce, mutumin Tawa, mai hawa can ƙololuwar gini a shantiye, wato filin aikin gini, na unguwar Abdulkafi. Ya tarar da Hamsatou tana suyar ƙosai a bakin shantiyen haƙoranta na kaɗawa, ya yafa mata ita a kafaɗa, ya hau aikinsa. Daga ranar ba ta rabu da ita ba, kan atamfa, har kasuwa. Mata mun samu abin taunawa, ba ƙarya.

Magana ta yi nisa har Baba Yaou, mahaifin Hamsatou, ya ce yaron ya zo ya gan shi. An shimfiɗa sabuwar tabarma a zaure, an ɗora shayi.

Chékaraou ya zo, ya durƙusa a bakin ƙofa. Da ranjas ɗinsa.

"Bismillah, ɗana, tuɓe ka shigo."

"Nan ma ya isa, Baba."

"Na ce ka shigo."

"Baba... nan ma ya isa."

Kun ji fa! Saurayi ya zo gaida surukin gobe ya ƙi tuɓe takalmi! Baba Yaou ya juye shayin a ƙasa ya shige gida.

To ga Zouéra, ɗiyar mai gidan hayar su Baba Yaou, wadda ta daɗe tana aika wa Chékaraou tuwo yana mayar da kwano ba ko saƙon godiya. Kafin la'asar ta iso wurin Inna Mamou, wai aron rariya.

"Inna, ni ba na son gulma..."

Mai faɗin haka, gyara zama kawai.

"Kin taɓa ganin ƙafarsa? Ko alwala shafa yake yi a kan takalmin. Masallaci a waje yake tsayawa kan yashi. Mutum ba ya ɓoye ƙafa sai da dalili, Inna. An ce a danginsu akwai kuturta."

Rariyar ma a nan ta bar ta.

Shi ne fa ihun da kuka ji washegari da sassafe. Baba Yaou ya fito ya yanke magana: jininsa ba zai haɗu da wannan ciwo ba, a mayar da riga, a rufe zance.

Hamsatou ba ta yi kuka ba. Ta ja zif ɗin jaket har wuya, ta bar kaskon ƙosai a gida, ta nufi Abdulkafi. Ta tsaya ƙarƙashin ginin ta ɗaga kai.

"Chékaraou! Sauko!"

Ya sauko, duk farin siminti a girarsa.

"Sanyin idona, lafiya?"

"Kada ka sanyin-idona ni. Me ke cikin takalmin nan?"

Ya waiga, ya ja ta bayan tulin bulo.

"Hamsatou..."

"Ana cewa kuturu ne kai. In shi ne, faɗa mini da bakinka, in san da wa zan yi faɗa. Amma ba zan yi faɗa a makance ba!"

Ya nuna mata takalminsa na hagu.

"Ƙarfe ne ya faɗo mini bara, a wani gini. Likita ya yanke yatsun ƙafar hagu. Tsumma nake cusawa a gaba, in ɗaure igiya tam, sai in taka daidai. In na cire ɗingishi nake yi. In mudir, shugaban aikin, ya ji, ba zai ƙara bari in hau sama ba. Aikin ya tafi ke nan."

"Shi ke nan abin?"

"Ƙaramin abu ne a wurinki?"

"Ni na zaci mata gare ka a Tawa, ka ɓoye ta a ciki."

Dariya ta kuɓuce masa, idonsa kuwa ya ciko.

"Rabin raina, wa zai ba gurgu ɗiya?"

"Wannan ni zan ji da shi. Kai naka ɗaya ne. Juma'a bayan an sauko, Baba na shan shayi da mutane a ƙofar gida. Ka zo ka cire shi a gabansu."

"A gabansu?! Rabinsu abokan aikina ne! Kafin Asabar mudir ya ji!"

"Na sani."

"Hamsatou, ki tausaya..."

"Aiki ya cika garin nan har yana neman hannu. Ni kuwa guda ɗaya ce. Ka zaɓa."

Ta juya, jaket na rinjayar kafaɗarta, ba ta waiga ba. Daga baya ta ce mini da ta waiga da ta fashe da kuka.

Ranar Juma'a ƙofar gidan ta cika. Mu kuma mata kowa ta samu aikin yi kusa da katanga. Zouéra har da sabon kallabi.

An zuba shayi na fari, babu shi. An zuba na biyu, babu shi. Inna Mamou ta harari ɗiyarta.

"To, ina sojan naki?"

"Yana zuwa."

"Ke dai..."

"Yana zuwa, Inna."

Sai ga shi kuwa. Ya yi sallama, ya zauna a ƙasa daɓas gaban Baba Yaou, ya kama igiya. Jama'a, igiyar nan kamar ba ta da ƙarshe! Huda bayan huda yana warware ta. Ya zare takalmin, tsumma ya zubo, ya tuɓe safa.

Kowa ya miƙa wuya.

Baba Yaou ya sunkuya ya duba tabon ɗinki. Ya juya ƙafar, ya duba dunduniya. Sai ya miƙa hannu ya ɓallo ƙayar dabino daga shingen da ke gefensa.

Caka!

"Wayyo Allah!"

Chékaraou ya zabura har ya shure butar shayi.

Tsohon ya kwashe da dariya har hularsa ta faɗi.

"Ƙafar da ciwon nan ya ci ba ta jin ƙaya! Wannan kuwa ta fi ta jariri ji!" Ya goge ido, ya sassauta murya. "Ɗana, rabo ne ya yanke maka yatsu, ba abin kunya ka yi ba. Da ka faɗa mini tun ranar, da ban yi asarar shayina ba."

"Tsoron aiki ne, Baba."

"Yau fa?"

Chékaraou ya saci kallon ƙofar gida, inda gefen jaket ke leƙowa.

"Yau na fi tsoron wani abu."

Guɗa ta tashi daga bayan katanga. Ba zan faɗi wadda ta fara ba. Zouéra dai ta tuna ta bar tukunya a wuta.

Aikin sama kam ya tafi, mudir ya sallame shi da safiyar Asabar. Ya koma kasuwa ya kasa ranjas da jaket, Hamsatou na ɗinke waɗanda suka yage, ta kuma fi shi iya ciniki nesa ba kusa ba. Aka ɗaura aure bayan Sallar Layya.

Amma ni abin da ban manta ba, maganar Baba Yaou ce a ranar Juma'ar, Chékaraou na ta fama da mayar da igiya mutane na jiran a sake ɗora shayi.

"Ka turo magabatanka," in ji shi. "Amma ka ce musu su zo da silifa. Ni tsoho ne, ba ni da sauran kwanakin jiran a kwance wannan abu."