Fasinjan Erchim a Kan Kogin Ƙanƙara

Masu gulmar Erchim don ya auri Sardana, matar amininsa Bergen da kogi ya haɗiye har da mota, ku sassauta masa haka.

Wani dare bayan auren yana jan tankar mai zuwa mahaƙar zinariya ta kan daskararren kogi, ƙofa a buɗe yadda direbobinmu ke yi, don in ƙanƙara ta tsage su dire. Sai ga mutum yana tafe a ƙasa. Mai lodi ba ya tsayawa a kan ƙanƙara, kuma ba a wuce ɗan Adam cikin sanyin nan. Ya rage gudu, mutumin ya ɗafe ya shigo.

"Sannu ango," in ji baƙon, muryarsa kamar daga ƙasan rijiya. "Har yanzu Sardana tana zabga gishiri a kifi?"

Erchim ya saci kallonsa. Ana sanyin da ke daskarar da yawu kafin ya kai ƙasa, amma ruwa ke ɗiga daga gemun mutumin, ɗis, ɗis.

"Ba faɗa ya kawo ni ba, ɗan'uwa. Jaririyar da na bari fa, ta fara magana?"

"Ta fara."

"Wa take kira baba?"

Erchim ya juyo ya dube shi. "Bergen," ya kira amininsa da sunansa.