Tankar da Ta Karya Gada

A wata makaranta akwai yarinyar da kowa ke kira 'Yar Sauri. Ba ta iya zama wuri ɗaya, sai ka ce cinnaka ne a kujerarta. Kafin a buga ƙararrawa, jakarta na kafaɗa.

Duk ranar Laraba bayan an tashi, malamin tarihi yakan haɗa tebura biyu a aji. A kansu akwai kogin shuɗiyar takarda, da tsaunukan soso, da gadar kwali. Yara sukan kasu gida biyu su yi wasan yaƙi da 'yan tankokin kwali. Suna jefa ɗan ludo, suna auna tafiya da rula.

Kowace tanka kwaikwayon ta gaske ce ta zamanin da, kuma tana da katinta. A katin ake rubuta nauyinta da gudunta. Dokar Malam ɗaya ce: duk lambar da za a rubuta, sai an samo mata shaidu biyu.

Wasan ƙarshe na shekara karo biyu ake yin sa. Dogo, shugaban ƙungiyar su 'Yar Sauri, ya daɗe yana yanka kwali da shafa gam har ya haɗa sababbin tankoki. Sun sa musu suna Kunkuru saboda ƙoƙon bayansu. Dabararsa ita ce su haye gada su ɓullo wa abokan karawa ta baya. Amma gadar nauyin tan talatin kawai take ɗauka. Sai ya ba 'Yar Sauri aikin nemo nauyin Kunkuru.

Da ta koma gida ta ari wayar Mama. Mama na guga, ƙawayenta kuma na ƙofa suna kiranta tsallen igiya. Ta buɗe shafin farko a intanet, ya ce tan ashirin da takwas. Na biyu ma haka, na uku ma haka. Akwai wani ƙaramin rubutu a ƙasan kowane shafi, amma wa ke da lokacinsa?

"Shaidu biyu aka ce, ni ga uku," in ji ta. Ta cike katin a tsaye, ta ajiye waya ta fice.

Ranar wasa ta kasa zama. Ta zaga nan, ta leƙa can, tana cizon farce. Dogo ya jera tankokinsa a bakin kogi, ya ɗora ta farko a kan gada.

Sai wata mai tabarau daga ɗaya ƙungiyar ta ɗaga hannu, ta roƙi Malam ya duba nauyin. Malam ya buɗe babban littafinsa, wanda mutanen gidan tarihi suka rubuta bayan sun auna tankar da kansu. Ya duba littafi, ya duba kati.

"Wannan tankar ta haura tan arba'in," in ji shi. "Gada ta karye."

Ya ɗauke Kunkuru ya kifa ta a cikin kogi. Sauran suka maƙale a bakin ruwa, babu gaba babu baya, aka bi su ɗaya bayan ɗaya aka harbe. Dogo ya tattara tankokinsa a kwalin takalmi, ya ce mako mai zuwa wani ne zai rubuta katunan. Wannan ya fi yi mata ciwo a kan faɗuwar.

"Malam, wallahi shafi uku na duba," in ji 'Yar Sauri.

Malam ya buɗe shafukan a kwamfutar aji, ya sa ta karanta ƙaramin rubutun. Na biyu ya ce daga na farko ya kwaso. Na uku ma daga na farkon. Shi kuwa na farkon shafin wani wasan waya ne, inda aka rage nauyin tankar don wasa ya yi daɗi.

A gida ta kasa cin abinci. Ta shiga ɗaki, ta fito, ta sake shiga. Da Mama ta ji labarin sai ta yi murmushi.

"In na faɗa wa gwaggonki magana, ita ta faɗa wa maƙwabciya, su biyun suka zo suka faɗa miki, mutum nawa ne ya san asalin maganar?"

'Yar Sauri ta ce, "Ke kaɗai, Mama."

"To kin gani. Sauri ya haifi nawa."

Washegari lokacin tara, ta wuce ɗakin karatu. Zaman ya yi mata wuya ƙwarai. Ƙafarta na ta kaɗawa a ƙarƙashin tebur, tana jin ihun 'yan wasa ta taga. Amma ta daure. Duk lambar da ta gani sai ta bi sawunta, ta ga daga ina aka samo ta. A haka ta gano cewa 'yar ƙaramar tankarsu da suke kira Zomo, wadda Dogo ya yasar a gindin kwali, ba ta kai rabin abin da gada ke ɗauka ba. Littafi ya faɗa, shafin wani gidan tarihi dabam ma ya faɗa.

Ta sami Dogo ta ba shi haƙuri, ta nuna masa abin da ta gano. Ya daɗe yana dubawa kafin ya miƙa mata sabon kati da biro.

Laraba ta zagayo. Dogo ya ɗora Zomo a kan gada, mai tabarau ta sake ɗaga hannu. Malam ya buɗe littafinsa, ya duba a hankali.

"Gada ta ɗauka," in ji shi. "Ku wuce."

Suka haye, suka ɓullo ta baya, suka rama cin da aka yi musu. Dogo ya ce daga yau katunan ƙungiya a hannunta suke.

Har yanzu 'Yar Sauri ba ta iya zama wuri ɗaya. Amma ta koyi darasi: yawan masu maimaita magana ba ya mai da ita gaskiya. Kafin ta yarda da abin da ta karanta, sai ta tambaya daga ina ya fito.