Kunkuru a Bakin Dogo

Ranar da Badiyya ta fara ganin Shafi'i, ƙafafunsa kawai ta gani, sun leƙo daga ƙarƙashin wata a-kori-kura mai ƙofa huɗu a garejin da ke kusa da layin dogo a Agege. Daga kemis take, ta sayo man zafin da ake shafa wa kakarta Inno a gwiwa, sai ta ja ta tsaya domin ta gane motar. Ta marigayi Malam Abdurrahim ce, aminin babanta, doguwar mota mai manyan tayoyi wadda ta sha daji tana kwaso albasa zuwa kasuwar Mile 12.

Yanzu ga ta an cire mata tayoyi, sifirin ɗinta a zube a ƙasa.

"Malam, me motar nan ta yi maka?"

Ya turo kai waje, fuska duk baƙin mai, da niyyar ba da amsar da ya saba ba 'yan sa-ido. Da ya ga mai tambayar sai amsar ta gudu. Da ƙyar ya bayyana mata cewa shi ne ɗan marigayin, ya dawo daga Ibadan inda ya koyi aikin mota, kuma so yake ya sauke wannan ta kwanta a kan kwalta, ya sa mata faffaɗan rim da jan fenti da salansa mai gurnani. Ta ce idan ta kwanta wa zai tashe ta? Ya ce in dai za ta riƙa biyowa ta nan, ba zai rasa mai ba shi shawara ba.

Ta wuce tana dariya. Abin mamaki, tun daga ranar man zafin Inno ya riƙa ƙarewa da wuri.

Kafin damina ta wuce an gama motar, su ma zancensu ya yi nisa. Motar ta fito ja wur, cikinta kamar zai shafi ƙasa, idan ya tayar da ita sai kajin layin su watse. Samari suka riƙa ɗaukar hoto da ita, dattawa kuwa suka sa mata suna Kunkuru, sunan kuma ya bi ta.

Da yamma saƙonsa kan shigo: "Zinariyata, yau na goge kujerar gaba har sau biyu. Ba wanda zai zauna a kai kafin ke."

Ita kuma ta mayar: "Injiniyana, kujera ba ta gudu. Ka fara turo manya gidanmu tukuna."

Ya turo su, sai dai ba su dawo da labari mai daɗi ba.

Alhaji Sunusi, mahaifin Badiyya, mutum ne mai jiki da kwarjini, ba ya son yawan magana. Shekaru ya yi a gefen Malam Abdurrahim cikin motar nan, sun tura ta a laka, sun kwana a cikinta a hanya. Ranar da ya gan ta tana rarrafe a titi ko abincin rana bai ci ba. Ya kira 'yarsa ya ce ba zai yi mata dole a kan kowa ba, amma yaron da zai karɓi motar da ta ciyar da shi ya yanke mata ƙafa don a tafa masa, ba zai damƙa masa amanar 'yarsa ba.

Badiyya ta shiga ɗaki ta yi kuka mai isarta. Tsoro ya kama ta sosai, domin ta san babanta bai cika janye magana ba.

Ana cikin haka Murtala, ɗan wani abokin kasuwar Alhaji wanda ya daɗe yana nuna yana ciki, ya ji an ce likita na son ganin Inno a asibitin ƙashi da ke tsallaken dogo. Nan da nan ya zo da ƙatuwar jif ɗinsa don ya yi gwaninta. Inno ta fito da sandarta, ta dubi matakin motar da ya kusa kai mata cinya, ta tambayi yadda za a yi ta hau. Murtala ya ce shi da direbansa za su ɗaga ta. Inno ta ce tun da mijinta ya rasu namijin da ba muharraminta ba bai taɓa jikinta ba, ɗanta ma ba ta yarda ya cicciɓe ta a gaban jama'a kamar buhun gero ba. Ta juya ta koma ciki. Haka ta yi wa danfo, bas ɗin haya, haka ta yi wa keke-napep, shi ya sa ta daɗe rabonta da ƙofar gida.

Shafi'i bai san wannan ba. Jif kawai ya gani a ƙofar gidansu, da Badiyya a tsaye kusa da ita. Ya ɗauke ƙafa, ya daina kira. Badiyya ta riƙa duba waya har Inno ta ce ko a ciki aka binne cibiyarta.

Da saƙon ya zo, gara ma bai zo ba: "Na ga doguwar mota a gidanku. Idan tsawo Baba yake so, gobe zan mayar da tawa yadda take. Idan kuma an riga an gama magana, ki faɗa mini da bakinki."

Ta karanta, ranta ya ɓaci, sai kuma wani tunani ya faɗo mata. Ta rubuta: "Kishinka ya fi salansarka ƙara. Kada ka taɓa ko noti ɗaya a jikinta. Ka zo ranar Alhamis da safe, ka wanke ta, ka sa manyan kaya. Inno za ka kai asibiti."

Ranar Alhamis Kunkuru ta tsaya a ƙofar gida. Shafi'i ya buɗe gaba, Inno ta matso tana dogara sanda, ta leƙa, ta juya baya ta zauna kamar a bakin gadonta, ta ja ƙafafunta ciki da kanta.

"Ashe akwai mai hankali a masu gyaran mota," ta ce. "Mijina, ja mu je."

Badiyya ta shiga baya zuciyarta fal murna. Murnar ba ta yi nisa ba, domin Alhaji ya fito ya ce ba zai bar uwarsa ta tafi a abin wasan yara ba tare da shi ba. Ya buɗe ɗaya ƙofar bayan ya zauna, motar ta ƙara nutsewa. Ta madubi Badiyya ta ga fuskar Shafi'i ta sauya.

Sai a lokacin ta tuna abin da ya taɓa gaya mata yana alfahari, cewa tsakanin cikin motar da ƙarfen dogo bai fi tafin hannu ba idan zai tsallaka. To, shi kaɗai yake tsallakawa. Bai taɓa gwadawa da mutane ba, balle da mutum irin babanta.

Suka kama hanya har suka iso inda titi ya hau kan dogo. Shafi'i ya taka birki. Gumi ya jiƙa wuyan rigarsa. Danfo suka taru a baya suna ta oda, wani kwandasta na dukan bodin motar yana zagi da Yarbanci. Badiyya ta san abin da ke gabansa: ko ya kutsa motar ta maƙale a kan dogo da tsohuwar da ba ta iya gudu, ko ya dubi mutumin da yake neman 'yarsa ya ce masa ya yi nauyi. Ta runtse ido tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta.

Ta ji ƙarar buɗe ƙofa. Shafi'i ya zagayo, ya durƙusa a kan kwalta da farar shaddarsa, a gaban 'yan okada da masu tallan burodi.

"Baba, ka gafarce ni. Kuskurena ne, ban auna ta da mutane ba. Idan na hau da mu duka za ta iya kama ƙarfe, ga Inno a ciki. Ina roƙon ka sauka ka tsallaka da ƙafa. Na san abin da maganar nan za ta jawo mini."

Badiyya ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. A ranta ta ce shi ke nan, an gama.

Alhaji ya dube shi. Sannan ya sauko, ya ce wa Badiyya ita ma ta fito. Maimakon ya wuce, sai ya naɗe hannun babbar rigarsa, ya ɗaga wa 'yan danfo hannu suka yi tsit, ya tsaya a tsakiyar dogo yana fuskantar motar.

"Kada ka zo da ita kai tsaye. Karkato ta. Taya ɗaya, sannan ɗaya. A hankali."

Shafi'i ya bi hannun Alhaji kamar mai bin liman. Kunkuru ta hau a karkace, salansa ta ɗan shafi ƙarfe ta yi ƙara, Badiyya ta dafe ƙirji, sai ga tayar baya ta sauka lafiya. Inno ta leƙo ta taga tana tambaya ko an iso ne.

A barandar asibiti Alhaji ya zauna kusa da Shafi'i. Ya ce har gobe bai yafe abin da aka yi wa motar ba. Amma ya tuna ranar da shi da marigayi suka kutsa wani rafi don kada a ce sun ji tsoro, suka yi asarar lodin albasa, da ƙyar suka fita da rai.

"Mu ba mu tsaya ba, kai ka tsaya. Ka ce wa baffanninka su dawo."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure. Da za a kai amarya, Badiyya ta ce Kunkuru za ta shiga, sai dai kujerar gaban da aka daɗe ana goge mata ba ta same ta ba, domin Inno ta riga ta zauna ta ce ita ta fara. Da aka iso bakin dogo ba sai an roƙi kowa ba, gwaggonni suka sauko da kansu, suka tsallaka da ƙafa suna guɗa, motar na bin su a karkace.

A ƙofar gidan ango Inno ta kamo hannun Badiyya ta haɗa da na Shafi'i.

"Ga ta nan, mijina. Yadda ka tsallake da ni, haka za ka riƙa tsallakewa da ita. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a mai jin ƙai."

Mata suka amsa da amin. Badiyya na hawaye a cikin mayafi, ta ji Shafi'i ya matse hannunta, har yanzu da sauran baƙin mai a gefen farcensa.