Ƙarfen Dogo a Ƙofar Gidana

A Gwashi babu layin dogo, amma ni ina da guntun ƙarfensa. A kasuwar Gummi na saye shi wajen masu gwangwan, suka ce daga tsohon layin Ƙaura ya fito. Na shimfiɗa shi a ƙofar gida ina zama a kai.

Daren da jikin matata Bara'atu ya tsananta, tana ta tari a ɗaki, na fito shan iska, sai na tarar da wani mutum durƙushe yana ƙwanƙwasa ƙarfen da guduma. Warin kwal yake yi. Gudumarsa tana sauka, amma ba ta yin ƙara.

Na ce, "Bawan Allah, mi kake nema?"

Ya ce, "Duba layi nike, Baba. Duk inda ƙarfe ya kwanta, nan jirgi ka bi."

"Ai babu tasha a nan."

"Mutum guda za ya ɗauka. Mace ce."

Na duƙa in janye ƙarfen, na ji shi da zafi, yana rawa a tafin hannuna. Mutumin ya miƙe, babu komai a wandonsa daga gwiwa zuwa ƙasa. Ya ɗaga jar fitila yana fuskantar ɗakin Bara'atu, tarinta ya tsaya cak.