Rigar Yusufu Cikin Gwangwani

"Ƙas!... Ƙas!... Tau!"

Wannan ƙara ita ta tashi mutanen gidan a daren nan. Ba ta yi kama da ta ɓera ba, ba ta yi kama da ta ɓarawo ba, sai ka ce ana fasa ƙashi cikin wuta. Karen maƙwabta ma da ya saba yi wa inuwarsa haushi, tsit ya yi. A ɗakin ƙurya Malama ta zabura ta dafe ƙirji, don ita kaɗai ta san ko mene ne. Mutum-mutumin laka ne da yaran makarantar Lahadi suka gina, ta binne su cikin toka mai zafi don su gasu, ashe ba su gama bushewa ba, ruwan cikinsu ya tafasa suna fashewa. "Wayyo aikin yarana!" Ta fita babu takalmi, tana tone toka da hannu, wuta na lasar yatsunta. Tana nan durƙushe ta ji wani sautin daga babban ɗaki, nishin Tsuntsuwa, ƴar wan mijinta, wadda ke kwance tun ranar Lahadi tana numfashi da ƙyar.

Tun da mijinta kafinta ya rasu Malama ba ta ƙara sanin daɗin duniya ba. Wansa Mahauci, dattijo a coci mai zama a kujerar gaba, ya kwashe zarto da gudumar ƙanensa ya sayar, ya mayar da shagon wurin shanya fatu. Ita kuwa ya tura ta ƙurya kusa da makewayi, da ɗanta guda da ake kira Ɗan Lele. Wankin gidan nata ne, ɗibar ruwa nata ne, zagi ma nata ne. Kullum maganarsa ɗaya: "Ki bar mana jininmu ki kama gabanki!" Ita kuwa ina za ta je ta bar ɗanta? Abin da ke sanyaya mata rai shi ne safiyar Lahadi, a ƙaramin ɗakin bayan coci, inda take koya wa yara labaran Littafi Mai Tsarki. Ba ta da littattafan hotuna, saboda haka da laka da tsummoki take koyarwa. A lokacin suna kan labarin Yusufu da yayyensa suka jefa a rami. Kowane yaro ya gina ɗan'uwa guda, wani ya gina raƙumi ya fito kamar agwagwa, aka yi ta dariya har da masu birgima. Tsuntsuwa, ƴar siririya mai cin abinci kamar ana ba ta aro, ita ta gina Yusufu. Rigarsa mai launi-launi kuwa kowa ya kawo ƙyalle aka haɗa, aka ɗiga mata jan tawada a madadin jinin akuya, aka zura Yusufu cikin gwangwanin madara, shi ne ramin. "Lahadi mai zuwa za mu fito da shi," in ji Malama, "ku ga yadda ake rungumar wanda ya cuce ka."

Gari na wayewa Mahauci ya fito da dogon takalminsa na mayanka. Ya tsaya a bakin murhu ya ga an jera mutane na laka, wani babu kai, wani cikinsa a fashe. Ya ɗaga gwangwanin ya girgiza, Yusufu ya faɗo a tafinsa da rigarsa mai ja-ja. Ya ƙura wa wani ƙyalle ruwan ɗorawa ido, ya daɗe bai motsa ba, sannan ya kurma ihu.

"Jama'a ku fito! Ku zo ku ga abin da ke cin ƴata! Ga ƙyallen rigarta, ga jini, an rufe ta a gwangwani!"

"Yaya, don Allah ka tsaya ka ji," in ji Malama. "Yusufu ne, darasin yara ne, tawada ce..."

"Yusufun uwarki! Mayya! Kin cinye ƙanena, yanzu kin juyo kan ƴata!"

Marin farko ya kai ta ƙasa. Kafin ta ɗago ya damƙi gashinta ya ja ta a kan siminti, ta ƙofar gida, har tsakiyar titi. Ya tuɓe bel ya shiga zuba mata ta gefen ƙarfen, a baya, a wuya, a fuska, har leɓenta ya tsage jini ya wanke mata haɓa. Ɗan Lele ya ruga ya rungume ƙafar baffansa yana kuka, "Baba Babba ka bar Mamata!" Aka fizge shi aka jefa shi ɗaki aka kulle. Mutane suka taru. Duk sun ji ƙarar daren jiya, ga kuma mutum-mutumi marasa kai an kwaso su an zube a ƙasa. Mai Wanki, maƙwabciyar da Malama ta sha yi wa jinya, ita ta fara cewa, "Ni dama na ce wannan shiru-shirun nata ba na banza ba ne!" Ta duƙa ta ɗauki dutse. Daga nan sai ruwan duwatsu! Tela ya jefa, mai gyaran keke ya jefa, har iyayen yaran da take koyarwa. Wani dutse ya same ta a goshi, duniya ta juya mata. Tana kwance tana kallo Mahauci ya bi ƴan'uwan Yusufu ɗaya bayan ɗaya yana murƙushe su da takalmi. Abin mamaki, raƙumin nan mai kama da agwagwa ya gangara cikin kwata ya tsaya a kan ƙafafunsa, ko kwarzane bai yi ba.

Da rarrafe ta kai kanta ɗakin bayan coci. Fasto ya leƙo, ya ga jini, ya ce, "Ƴata, ki yi haƙuri, maganar dattijo ce, sai mun zauna mun bincika..." Ya ajiye mata ruwa ya fice da sauri. Nan ta kwana a kan bencin yara, nan ta yini, ido ɗaya a kumbure, babu wanda ya kawo mata ko loma. Daga nesa takan ji kamar muryar Ɗan Lele yana kiranta, ta yunƙura ta faɗi. Lahadi ta zo, aka buga ƙararrawa, yaro ko ɗaya bai shigo ajinta ba, iyaye sun hana. Ta durƙusa za ta yi addu'ar da take koya wa yara, da ta iso inda ake roƙon gafara kamar yadda mutum yake gafarta wa wasu, harshenta ya ƙi juyawa. Ta sake farawa, ya sake ƙi. Ta fashe da kuka. "Ya Yesu, na koya wa yara abin da ni kaina ban iya ba! Ba zan yi maka ƙarya ba, so nake in ga mutumin nan a ƙasa! Ka dawo mini da ɗana... ka taimake ni, zuciyata ta zama dutse!"

Ana tashi daga sujada ta ji hayaniya ta nufo ajin. Aka banko ƙofa. Maman Tsuntsuwa ce a gaba, ɗauke da yarinyar a kafaɗa kamar tsumma, ta shimfiɗe ta a kan tebur ta zube a gaban Malama. "Ki dubi girman Allah ki kwance abin da kika ɗaure! Ƴata za ta mutu!" Bayanta Mahauci ne da wuƙar fawa a hannu, bayansa kuma rabin coci, wasu na leƙe ta taga.

"Ki kwance," in ji shi, "ko in yanka ki a nan kamar tunkiya!"

Ya shaƙe wuyan rigarta ya haɗa ta da bango, sanyin wuƙar ya taɓa maƙogwaronta. Fasto na cewa "Dattijo, dattijo, a gidan Ubangiji?" amma bai matso ba. Malama ta rufe ido.

"Malama..."

Ƴar ƙaramar murya ce, kamar ta ɗan tsako. Tsuntsuwa ta buɗe ido tana duban ajinsu. "Malama, yau ne za a fito da Yusufu?"

"Yau ne, ƴata," in ji Malama, hawaye na bin wuƙar.

"To ina da tambaya... Kin ce a yafe wa wanda ya cuce ka. In babanka ne ya shure ka da takalmi, shi ma ana yafe masa? Ni na gwada, amma in na ja numfashi sai wurin ya yi zafi, sai in manta na yafe..."

Idanun mutane suka koma kan Mahauci.

"Zafin ciwo ne ke sa ta sambatu!" in ji Mahauci.

"Don na yanki rigata na ba Yusufu ne," in ji yarinyar. "Baba ka yi haƙuri, ƙyallen ƙarami ne."

Maman Tsuntsuwa ta miƙe a hankali. Ta ɗage rigar yarinyar har ƙirji, kowa ya gani. A kan haƙarƙarinta akwai tabo baƙi ƙirin, shatin ƙasan takalmi da layukansa, wurin ya lotsa ciki. Matar ta juya ta dubi mijinta. "Ka ce mini faɗuwa ta yi daga kan katanga! Ka hana ni kai ta asibiti, ka ce asiri ba ya son allura! Ashe tsoro kake a gani! Azzalumi! Ka sa na tsine wa baiwar Allah a banza!"

Wuƙar ta faɗi ƙasa. Mai gyaran keke ne ya fara kai masa naushi a baki, haƙori ya yi tsalle ya faɗa ƙarƙashin benci. Aka yi caa a kansa! Aka ja shi waje, aka yage masa rigar coci, wani ya karya ƙafar benci yana maka masa a gadon baya, wani ya kwaɗa masa bulo a kafaɗa. Ƙaton mutumin nan da ke kayar da bijimi shi kaɗai ya dunƙule cikin ƙura yana kuka, "Ku yi mini rai! Ku yi mini rai!" Wani saurayi ya ɗago dutsen da ake tokare ƙofar coci da shi, ya ɗaga sama daidai kansa.

Malama na tsaye a bakin ƙofa. Ga abin da ta roƙa, ga shi a ƙasa, jininsa na malala inda yara ke wasa. Ta waiwaya, ta ga Tsuntsuwa ta ɗago kai daga kan tebur tana kallonta, tana jiran amsar tambayarta. Ba ta san lokacin da ƙafafunta suka ɗauke ta ba. Ta kutsa cikin taron ta faɗa a kan Mahauci ta rufe kansa da jikinta, sandar da aka kawo masa ta sauka a bayanta, kan tsohon ciwo.

"Ku bari! Don girman Yesu ku bari! Yarinya na kallo!"

"Malama ki tashi!" in ji saurayin. "Wannan fa shi ya so yanka ki!"

"Na sani, wuyana ne ai! Ka ajiye dutsen nan. Ku nemo mota ku kai ƴar mutane asibiti, kun tsaya kuna neman gawa ta biyu!"

Dutsen ya sauka a gefe. Mahauci ya ɗago fuska jina-jina ya ce, "Ke... ke ce?" Ta ce, "Ni ce, Yaya. Abin da ka yi mini na yafe, Allah ne shaida, ko da yake har yanzu raina na tafasa. Amma na Tsuntsuwa ba nawa ba ne, za ka amsa shi gaban hukuma." Da ƴan sanda suka iso ta faɗa musu komai, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba. Aka sa masa ankwa aka jefa shi bayan mota, matarsa ko kallonsa ba ta yi ba. Da yamma aka fasa kwaɗon ɗaki aka fito da Ɗan Lele, ya rame, muryarsa ta dushe. Ya maƙale wuyan uwarsa ya ƙi saki, ita da shi suka yi ta kuka har waɗanda ke tsaye suka juya baya.

Likita ya ce haƙarƙarin Tsuntsuwa biyu ne suka karye, kuma da an ƙara jinkiri da sai dai wani labarin. Malama ce ta zauna jinya tare da uwar, suna karɓa-karɓa. A nan gadon asibiti ta ba yarinyar amsarta. "Ana yafewa, ƴata, a hankali, kamar yadda ƙashi ke ɗinkewa. Amma yafewa ba ta ce ki tsaya a sake shurinki ba." Alƙali ya ɗaure Mahauci, coci ta cire shi daga dattawa, Fasto ya hau mumbari ya nemi gafarar Malama da bakinsa, yana share ido da hannun riga. Aka mayar mata da ɗakin mijinta da shagonsa, aka kwashe fatun aka wanke wurin, ta jera bencina a ciki don ajin bayan coci ya yi wa yara kaɗan.

Ranar da Tsuntsuwa ta dawo aji aka kwaɓa sabuwar laka. Yara suka zauna a ƙasa suna gardamar wanda zai gina wa, Ɗan Lele ya shafe fuskarsa duka da taɓo, ana yi masa tsiya wai shi ba sai an gina shi ba. Malama na tsakiyarsu da tabo a goshi, tana nuna musu yadda ake buɗe hannuwan Yusufu don runguma ba tare da sun ɓalle ba. A waje kuwa manya ne suka yi cirko-cirko a bakin taga, tela da mai gyaran keke da iyayen yara, kowa ya zo da hujjar rako ɗansa, amma babu mai iya shiga, babu mai iya tafiya. Mai Wanki na cikinsu, ta daɗe tana kallon tabon nan. Can ta juya ta dubi sauran ɗaya bayan ɗaya, ta yi ƙasa da murya.

"Shi dai Mahauci yana can yana karɓar hukuncinsa. To mu da muka ɗauki duwatsu fa?"